Rabin Waƙar da Na Ji Ta Bango

Mu'azu, Sumayya, Anas, na san abin da kuke faɗa wa mutane in an tambaye ku dalilin da ya sa mahaifinku ya zauna daɓas a ƙasa a gaban jama'a ranar wasan nan na bakin teku. Wani lokaci ku ce suga ce ta sauka, wani lokaci ku ce tsufa ne, na manta waƙar. Ban ga laifinku ba, asiri kuka rufa mini iya ƙoƙarinku. Amma sugata lafiyarta ƙalau ranar, kuma waƙar da na yi da hannuna tun kafin a haife ku ba ta ɓace mini ba. Da gangan na yi. Tun da likita ya fara yi mini magana a hankali kamar mai lallashin yaro, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru, kada in tafi da shi.

A unguwar Karantina ta Jidda aka haife ni, a gidan kakarmu Dije wadda ba ku riske ta ba. Daga ƙasar Gobir suka taso da ƙafa ita da mijinta, suka yi shekaru a hanya suna ƙwadago suna tara guzuri. Ta sauke farali, mijin ya rasu, ita kuwa ta zauna. Gyaɗa take soyawa tana sayarwa, duk unguwa an san ta da azumin Litinin da Alhamis. Abin da ba a faɗa a waje shi ne, wata Larabar, bayan azahar, in maza sun fita, mata biyar ko shida sukan shigo ɗaya bayan ɗaya su shige ɗakin ƙurya, a toshe taga da katifa, a kifa ƙwarya cikin baho mai ruwa a fara kaɗawa. Mu yara akan kore mu. Ni kuwa shimfiɗata tana jikin bangon ɗakin ta ɗaya gefen, sai in kwanta in yi barcin ƙarya in manna kunne. Kiɗan yana da tafiyarsa: bugu uku a jere, sai a tsaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran amsa, sannan muryoyin matan su hau sama tare. Ba su taɓa kama sunan wadda ake yi wa kiɗan ba, Baƙuwa kawai suke cewa. Yayata Halima, wadda ta girme ni da shekara shida, ita kaɗai ake bari ta shiga don ta riƙe musu kaskon turare. In kiɗan ya tsaya sai shiru mai tsawo ya biyo baya. Ni a zatona an gama ke nan, sai in tashi in tafi ƙwallo.

Da Kaka ta rasu, matan suka ce Baƙuwa gado ce, kan Halima za ta koma. Halima ta ce ba da ita ba. Ta farfasa ƙoren, ta hau mota zuwa Makka, ta tsaya gaban Ɗakin Allah ta rantse bakinta ba zai sake furta kalma ɗaya daga abin da ake faɗa a ɗakin nan ba. Ta dawo ta kama karatu har ta haddace. Ita ce Goggonku da kuka sani, mai carbi, mai koyar da 'yan mata Alƙur'ani, mai hana ku kallon talabijin in an kira salla.

Ni nawa shaiɗanin daban ne. Ina gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wani kamfani, na haɗu da wani ɗan Filifin mai jitar lantarki, ya koya mini kiɗan rok. Wata shida ban yi ba na fi shi, shi da kansa ya faɗa, ba ni ba. Muka haɗa ƙungiya mu huɗu. A lokacin kiɗa a fili ba ya yiwuwa, sai a gidajen baƙi masu doguwar katanga, mu shigar da kayan kiɗa cikin motar kamfani an lulluɓe su da bargo kamar kayan sata. Waƙoƙin wasu muke maimaitawa, na Turawa, ina kwaikwayon Turancin da ban san ma'anarsa ba. Allah kaɗai ya san irin zagin da na rera wa mutane suna yi mini tafi. Da na gaji da rigar aro sai na ce bari in ɗinka tawa. Na zauna neman kiɗa, abin da ya fara zuwa yatsuna shi ne bugu ukun nan da tsayawa. Na ɗora masa kalmomi na kaina, Hausa da Larabci a gauraye, labarin wani mutum da ke jiran jirgin ruwa. Ranar da muka fara kaɗa ta, da la'asar ne a wani lambu, na ji ƙanshin turaren Kaka ya bugi hancina, kuma wata baƙar mata da ke raba abinci ta ajiye tire, ta dube ni, ta fice daga gidan ba ta tsaya ɗaukar takalmanta ba. Na ce a raina waƙar ce ta ratsa ta. Muka naɗe ta a kaset, kwafi kaɗan. Ban taɓa kunna shi a gida ba, don da mahaifinmu ya ji, a kaina zai fasa jitar.

Daga baya na auri Ummanku, ƙungiya ta watse, jita ta koma ƙarƙashin gado, sai jefi-jefi in ɗauko in kaɗa ba lantarki. Haka aka tafi har shekarar da aka zo aka yi jan rubutu a bangon gidanmu, aka ce a tashi, za a rushe. Kun ga wannan da idonku, ba sai na faɗa muku yadda unguwa ta koma fili ba. Muka kama gida a Kurayyat, hawa na uku, Goggonku ta biyo mu tunda mijinta ya rasu kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. A cikin kwashe kaya ne kai Mu'azu ka tsinci kaset ɗin a kwali, ka kai wa abokinka Faisal mai ƙungiyar kiɗa. Zamani ya riga ya juya, abin da muke yi a ɓoye yanzu a kan dandamali ake yinsa, har da tikiti. Faisal ya zo gida ya durƙusa ya gaishe ni da guntuwar Hausarsa, yana kira na Ammi, wato baffa.

"Ammi Idris, wallah wannan waƙa ma fi zayyaha, babu irinta. Muna so mu yi ta sabuwa. Ka yarda?"

"Ku yi," na ce. "Amma ku kiyaye tsayawar nan bayan bugu uku. A nan ranta yake."

Kun tuna yadda kaina ya kumbura. Tsoho mai furfura, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan tsani yana wanke mukayyif, ga shi waƙarsa tana tashi a baƙala, wato kantin unguwa, a tasi, a shagunan yadi na Bab Makka. Nakan tsaya da gangan a bakin shago ina duba kayan da ba zan saya ba, don kawai in ji ta kai ƙarshe.

Ba a yi wata guda ba na dawo gida da rana na tarar da Goggonku tsaye tana fuskantar ƙofar fita, da abaya, ba takalmi.

"Yaya, ina zuwa da wannan ranar?"

"Ba ka ji ana ƙwanƙwasawa ba? Tun ɗazu."

Na buɗe. Babu kowa sai zafin matakala. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ta rage cin abinci, barci ya ƙaurace mata, ta sallami ɗalibanta. Abin da ya fi sa ta kuka shi ne ta kama sura da ta sani kamar sunanta, ta kai tsakiya ta tsaya cak, tana waiwayen ƙofa. Muka kai ta asibiti, suka ɗebi jini suka yi hoto suka ce babu komai, damuwar tashin gida ce. Muka kawo malami ya yi mata ruƙya, tana bin sa da karatun, har ta gyara masa wuri ɗaya. Duk wannan ni ban haɗa shi da komai ba. Ina ta murnar waƙata, yayata tana narkewa a gabana.

Sai wata Asabar bayan azahar. Tana zaune a falo da Ummanku suna tsince shinkafa, ni ina gefe. Wata mota ta tsaya ƙasan tagarmu da waƙar a buɗe. Bugu uku, tsayawa. Na ga hannun Halima ya daina motsi a cikin tire. Ta ɗaga kai a hankali, ta buɗe baki.

"Wa yak kira ni? Na taho, na iske an tashe gida. Ina za ni zamna?"

A Jidda aka haifi Halima, Hausarta rabi Larabci ce kamar tawa. Wannan Gobiranci ne tsantsa, irin na Kaka, amma muryar ba ta Kaka ba ce, ba kuma ta Halima ba. Ta juyo wajena, sai dai ba fuskata take kallo ba, hannuna na dama take kallo. Ummanku ta saki tire tana salati. Da motar ta ja, Halima ta sulale gefe kamar an zare mata ƙashi. Muka yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo, ta daɗe tana numfashi sannan ta kira ni.

"Idi, wane kiɗa ne wannan da ke bina duk inda na shiga? Wa ya fito da shi?"

Na faɗa mata gaskiya, tun daga kwanciyata jikin bango. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi jin sauƙi.

"Inna lillahi. Rabin abu ka ɗauko, Idi. Kira ka ji. Shirun nan da kake ji bayan kiɗa ba shiru ba ne, sallama ake yi mata. Da baki ake yi, ƙasa-ƙasa, shi ya sa ba ya ratsa bango."

"To ki yi mata sallamar mana, Yaya, mu huta."

"Na rantse a gaban Ɗakin Allah. Ko ban rantse ba, wanda aka saukar wa baƙo ba shi ke sallama ba. Wanda ya kira, shi ke sallama."

Na tashi da fushi. Na ce camfin tsofaffi ne, na ce mu Musulmi ne, na ce ita da ta haddace Alƙur'ani ba ta ji kunyar faɗar haka ba. Ta bar ni na gama, ta ce aljanu ma a cikin Alƙur'anin suke. Har yau ban ce muku ku yarda da komai ba, Allah ne masani. Abin da na gani shi nake faɗa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, ita yake duka, kuma wuyan hannunta ya koma kamar na yarinya. Na kira Faisal na ce su cire waƙar.

"Ammi, halas, aikin gama ya gama, ta fita. Ko mun goge tana cikin jawwal, wayar kowa. Kuma ina da albishir. Akwai hafla, babban wasa, a bakin teku, mun sa sunanka a takarda. Kai da kanka za ka kaɗa tare da mu."

Ban ce masa a'a ba. Ku ma kun san ba zan iya ba.

Cikin matan ɗakin ƙurya guda ɗaya ta rage da rai, Iya Tabawa, wadda a da ita ce ƙaramarsu. Na yi kwanaki ina cigiya, don tashin unguwa ya warwatsa kowa, har na same ta a Bab Makka, zaune a bayan rumfar yadin 'yarta, ido ya tafi amma kunne garau. Ina fara bayani ta katse ni.

"Kai ne jikan Dije mai kwanciya jikin bango? Ai mun san kana ji. Dije ce ta ce a ƙyale ka, yaro ne, zai manta."

Ta sa na matso, ta kama kunnena da yatsu biyu ta rera mini sallamar sau uku, 'yan kasuwa suna ta cinikinsu a kanmu. Gajeruwa ce, ba ta kai fatiha tsawo ba. Sannan ta faɗi ƙa'ida. A ƙasa ake zama. Tafin hannu a ƙasa. Ba ganga, ba ƙwarya, baki kaɗai. Kuma duk inda kira ya kai, sai sallama ta kai.

"Iya, jama'a ne fa za su cika wurin, kowa da waya a hannu."

"Da za ka kira ta a gaban jama'a ka ji kunya? Saura ɗaya. Hannun da ya yi sallama ba ya sake kira. Ka ajiye molon nan naka."

Ban gaya wa kowa ba. Da na gaya wa Faisal zai ce na haukace ya hana ni hawa. Da na gaya muku sai na tona asirin Kaka da na Goggonku, ita kuwa ta shekara talatin da wani abu tana binne wannan magana, iyayen ɗalibanta ba su san komai ba. Na zaɓi a yi mini dariya ni kaɗai. Kada ku ɗauka da zuciya ɗaya na zaɓa. Har a cikin mota ranar ina ce wa kaina, bari in kaɗa abina in more, in ya so gobe a sake kai ta wani asibitin.

Bayan magariba muka hau. Fitilu, iskar teku, wayoyi a sama ba iyaka. Muka fara da waƙoƙi biyu na Turawa, irin waɗanda nake maimaitawa a ɓoye ina saurayi, yatsuna suka tuna komai. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa jin daɗi irin na waɗannan mintuna ba, ko ranar aurena, Ummanku ta yafe mini. Sai muka shiga tawa. Jama'a sun san ta, in an yi bugu uku kowa ya yi tsit yana jiran muryoyi. A cikin tsit ɗin nan na farko na ji an amsa. Ƙarar ƙwarya ce a kan ruwa, sau ɗaya, daga bayan dandamali inda babu komai sai wayoyin lantarki. Na waiwaya, na ga mai gangarmu ma ya waiwaya. A tsayawa ta biyu aka sake amsawa, kusa da ta farko, ga ƙanshin turaren nan ya cika mini hanci. A ta uku kuwa, a bayan wuyana na ji ta.

Aka zo wurin da zan kaɗa ni kaɗai. Faisal ya ƙwala sunana, fitila ta sauko kaina, jama'a suka ɗauki ihu. Na zare wayar jita, lasifika ta yi ƙara mai kashe kunne. Na kwantar da jitar, na jawo makirfo ƙasa, na zauna, na ɗora tafina a kan katako. Sanyi ne da shi kamar jikin randa, a wannan zafin na Jidda. Na fara rerawa da muryar nan tawa da kuka sani. Ba zan rubuta kalmomin a nan ba, ba a rubuta su. Ma'anarsu dai ita ce kin zo, an gan ki, masu gida sun gaji, ki koma lafiya. A karo na farko aka yi shiru ana zaton salo ne. A na biyu aka fara dariya da fito. Na hango ka a sahun gaba, Mu'azu, ka rufe fuska da hannu biyu, wannan ya fi dariyar yi mini ciwo. A na uku iskar da ke busowa daga teku ta tsaya, na ji ta juyo ta bi ta gefena ta nufi ruwa, katakon ya fara ɗumi a ƙarƙashin hannuna. Na tashi na sauka ban ɗauki jitar ba.

Da muka isa gida, Ummanku ta tare ni a ƙofa ta ce in yi a hankali. Goggonku ta nemi abinci da bakinta, ta cinye, ta yi isha'i, barci ya ɗauke ta a kan darduma. Ba ta farka ba sai asuba. Da hantsi na ji ta ta bango tana karanta surar da ta yi wata biyu tana maƙalewa, ta bi ta har ƙarshe. Na zauna bakin gado na yi kuka kamar yaro. Da ta fito, an riga an nuna mata hoton a waya, ta dube ni sama da ƙasa.

"Muryarka ba daɗi, Idi."

Iyakar godiyarta ke nan, kuma ta ishe ni. Sauran kun san shi. Aka yanko wurin zamana aka yi ta yawo da shi, tsohon da ya rikice a kan dandamali. Faisal bai sake taka gidan nan ba. Ke Sumayya kika yi mako biyu ba ki je aiki ba. Kai Anas ka ce wa abokanka ba ka san ni ba, na ji, na kuma yafe. Sai daga baya na lura cewa mutanen da suka kalli abin don su yi mini dariya sun fi waɗanda suka saurari waƙar yawa. Da wannan dariyar ce sallama ta kai inda kira ya kai. Ban sake taɓa jita ba. Wani lokaci ina zaune sai in ga yatsuna na hagu suna danna gwiwata su kaɗai, in harɗe hannu.

Goggonku ta ƙara shekaru tana koyarwa lafiya lau, har ciwon ajalinta bara. Kwana biyu kafin ta cika, kun fita sayo magani, ta sa na rufe ƙofa ta riƙe hannuna.

"Idi, ta tafi, amma waƙar yaran nan ta farko tana nan a wayoyin mutane. Wani zai kunna. Ni ban haifa ba. Ka duba gidan nan ka ga mace nawa ta rage a jinin Kaka."

Ke kaɗai ce, Sumayya. Na yi shekara guda ina juya wannan magana, ina cewa kada in tsorata ki a banza. Iya Tabawa ta rasu, Goggonku ta rasu, duk duniya ni kaɗai na san sallamar, ga shi likita yana yi mini magana a hankali. Ke ba za ki iya yi wa kanki ba, sai wani daga jinin wanda ya kira. Mu'azu, Anas, ku yarda ko kada ku yarda, ku ɗauka kuna faranta wa tsoho rai ne. Ku zo ranar Juma'a bayan an sauko, ku biyu. Za mu zauna a ƙasa. Ku bar wayoyinku a mota.